Kurakuran da muke yi wajen koya wa matasa dogaro da kai

Mun saba gani: a tara matasa a babban ɗakin taro, a yi musu horon mako biyu, ranar rufewa a jera kekunan ɗinki a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Kafin wata ya zagayo keken ya isa hannun dillali. Ba shirye-shirye muka rasa ba. Tun 1986 aka kafa hukumar NDE don koyar da sana'o'i, hukumar bautar ƙasa ta soma shirin SAED na koya wa masu bautar ƙasa sana'a a 2012, shirin N-Power na sama wa matasa aiki da horo ya zo a 2016. Kuskuren shi ne gaggawa. Telan kirki yakan yi shekara biyu ko uku a gaban ubangidansa, yana sa maɓalli yana guga, kafin a yarda ya sa almakashi a shaddar mutane. Saboda haka kuɗin da za a kashe a bikin rabon kaya gara a biya wa yaro kuɗin koyo da na mota, kayan aiki kuma su zo bayan an yaye shi.

Sai koya wa kowa abu guda. Idan 'yan mata ashirin a layi ɗaya duk sabulun ruwa da man shafawa suka koya, wa zai saya a wurin wa? Kafin a zaɓa wa yaro sana'a a duba abin da mutanen unguwa ke hawa mota su nemo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, gidaje da shaguna suka koma sola, manoman rani ma haka, mai iya haɗa ta da gyara ta kuwa ba ya zama banza. Wanda hannunsa ke son ƙarfe a kai shi kasuwar Panteka a Kaduna, mai son harkar wayar hannu ga kasuwar Farm Centre a Kano. A tambayi yaron kuma, don sana'ar dole ba ta daɗewa.

Inda aka fi yin ɓarna, a ganina, wajen kuɗi ne. Muna koya wa matashi aikin hannu, ba ma koya masa bambanta uwar kuɗi da riba. Ya yi cinikin dubu talatin a yini, sai ya ɗauka duka nasa ne: ya sayi data, ya yi wa budurwa hidima, ya zuba ankon biki. Ranar saro kaya sai ido ya raina fata. Mu 'yan gida ma da namu laifin. Da ya buɗe shago, Inna ta aiko a ba da na cefane, Kawu ya ɗauki kaya "sai ƙarshen wata", shi kuma kunya ta hana shi magana. Jarin da uba ya ba shi da hannun dama, gida ne ke karɓe shi da na hagu.

Maganin ba shi da wahala, sai dai yana son tsayawa. A saya masa littafi ya riƙa rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita, har da bashi da sunan mai shi. Ya yanka wa kansa abin kashewa a mako, kada ya wuce. Ribar da ta rage ta shiga adashi ko asusun da ba shi da katin cire kuɗi a aljihunsa. Sannan babba a gida ya sanar cewa ba mai taɓa kayan shagon har shekara ta cika, don yaro ya samu bakin cewa, "Kawu, a yi haƙuri, Baba ne ya hana."

Akwai kuma kai yaro wurin ubangida ba tare da magana ba, sai dai "ga amana nan". Shi ya sa za ka ga mutum ya yi gemu a shago bai wuce aike da sauke kaya ba, bai san inda ake saro su ba balle farashin sari. A nan 'yan kasuwar Ibo sun fi mu tsari: tun ranar farko ake yanke shekarun da yaro zai yi, da sallamar da za a yi masa idan ya gama. Mu ma iyaye su zauna da ubangida gaban shaidu, a faɗi abin da za a koya da lokacin yaye.

Wasu iyayen suna ganin ko boko ko sana'a, dole a zaɓi ɗaya. Ba haka ba ne. Asabar da Lahadi da dogon hutu sun isa a fara. Idan kuma ya tafka asarar farko, kada a yi saurin cike masa gurbin, kada kuma a ce ba shi da kai. A buɗe littafin nan tare da shi a ga inda kuɗin ya bi, bashi ne ko farashi ne ya sa ƙasa da sari, sannan a yi maganar ƙarin jari.