Kafin ka biya kuɗin tsohuwar Passat wagon mai shan dizal

Ka je wurin mai motar da sassafe, ka dafa injin ka tabbatar da sanyinsa, sannan a tayar. In ta yi ta gurnani kafin ta kama, ko farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa, to hita (filogin ɗumama injin) ko nozul (masu fesa dizal) sun gaji. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai take ƙonawa, galibi daga turbo, kuma gyaransa ba arha.

Kilomita 300,000 ba abin tsoro ba ne ga injin Passat na 1.9 TDI in an kula da shi. Amma ranar da ka saya, canza bel ɗin taimin haɗe da famfon ruwa, kada ka saurari "ai kwanan nan aka sa". In ya tsinke, fistin zai daki bawul. In injin PD ne, wato nau'in TDI da kowane nozul ke da nasa famfo, baƙin mai mai lamba 505.01 za ka zuba, wani mai daban yana cinye kamshaf.