Neman ƙarin lokaci a jarrabawar shiga jami'a ta SAT da ACT

Iyayen yara masu ADHD (lalurar kasa natsuwa da mai da hankali) ko matsalar karatu a Amurka, kada ku ɗauka takardar IEP ko 504 ta makaranta, wato tsarin tallafin da makaranta ke rubuta wa yaro mai buƙata ta musamman, ta wadatar. Sai College Board, hukumar da ke shirya SAT, ta amince kafin a ƙara wa yaro lokaci a SAT, kuma dubawar kan kai mako 7. Ku sa jami'in makaranta ya tura buƙatar da wuri, haɗe da rahoton ƙwararre mai nuna yadda matsalar ke tauye yaron a aji. Sunan lalurar kaɗai bai isa ba, nan ake yawan faɗuwa. Na ACT daban ake nema. Wani yaron ma ƙarin hutu ya fi masa amfani, domin ƙarin rabin lokaci zai sa zaman ya haura awa 3.