Yadda Ake Shiga Gudun Miƙa Sanda a Karon Farko

Wanda aka zaɓa cikin mutum huɗun da za su wakilci makaranta ko ƙungiya a gudun miƙa sanda yakan ɗauka cewa saurin ƙafarsa kaɗai ake buƙata. Sauri yana da nasa matsayi, amma abin da yake zagaya fili tun daga farko har ƙarshe shi ne sandar, kuma duk inda ta rage gudu a tsakanin hannu biyu, nan ne ake asarar tseren. A gasar Olympics ta Rio a 2016, 'yan Japan sun zo na biyu bayan Jamaika a gudun mita ɗari sau huɗu da daƙiƙa 37.60, alhali a lokacin babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa gudun mita 100 a ƙasa da daƙiƙa 10 a hukumance. 'Yan Amurka, waɗanda suka fi su sauri in an ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sun iso a bayansu, sannan aka soke sakamakonsu saboda kuskuren miƙa sanda.

Abu na farko shi ne sanin ƙa'ida. Sandar bututu ce marar nauyi, tsawonta tsakanin santimita 28 zuwa 30, nauyinta kuma ba ya gaza giram 50. Da hannu ake riƙe ta tun daga farko har ƙarshe, ba a jefa ta, ba a sa safar hannu, ba a kuma shafa wani abu mai danƙo a tafin hannu. A gudun mita ɗari sau huɗu akwai yankin miƙawa mai tsawon mita 30 a kowane wurin sauyi, kuma dole ne sanda ta bar hannu ta shiga wani hannu a cikin wannan yanki. Alƙalai wurin da sandar take suke dubawa, ba wurin da ƙafar ɗan gudu take ba. Kafin 2018 yankin mita 20 ne, da ƙarin mita 10 na ɗaukar gudu kafin a shiga yankin, saboda haka idan an tarar da tsohon zane a fili, ya kamata a tambayi alƙalin wurin tun kafin a fara, ya nuna layin shiga da na fita.

Rabon matsayi aikin mai horarwa ne, amma yana da kyau ɗan gudu ya san dalilin da ya sa aka ajiye shi inda aka ajiye shi. Na farko shi ne wanda ya iya tashi da zarar bindiga ta tashi, ba ya kuma yin riga malam masallaci. Na biyu yana gudu a miƙaƙƙen layi, kuma sau da yawa shi ne yake cin tazara mafi tsawo, ga shi yana karɓa yana kuma miƙawa. Na uku yana buƙatar gwanintar shan kwana. Na huɗu kuwa ana son mai sanyin zuciya, wanda ihun 'yan kallo ba zai ruɗa shi ba. Al'adar ajiye wanda ya fi kowa sauri a ƙarshe ba dole ba ce, domin ƙungiyoyi da yawa sukan sa shi a matsayi na biyu don ya daɗe da sanda a hannunsa.

Tsarin hannu kuwa ba ya canzawa. Na farko yana riƙe sanda da hannun dama, yana bin gefen ciki na layinsa, ya miƙa ta ga hannun hagu na na biyu, wanda yake bin gefen waje. Na biyu ya sa ta a hannun dama na na uku, shi kuma ya sa ta a hannun hagu na na huɗu. Hikimar wannan ita ce sandar tana tafiya ne a tsakiyar layi, mutum biyu kuma suna iya jerawa a layi ɗaya ba tare da wani ya taka dugadugin wani ba. Kada ka sauya sanda daga hannu zuwa hannu kana cikin gudu a wannan gajeren tsere, domin hakan yana ɓata kaɗawar hannu, yana kuma jawo faɗuwarta.

Wurin da ya fi cancantar a ba shi lokaci a atisaye shi ne alamar tashi. Mai karɓa yana tsayawa a farkon yankin, ya auna tazara zuwa baya da tafin ƙafarsa, diddige a jikin yatsa, ya sa alama a cikin layinsa. A filin roba ƙa'ida ta yarda da yanki ɗaya na salatif, wanda bai wuce santimita 40 a tsawo da 5 a faɗi ba. A filin ƙasa irin na yawancin makarantunmu, inda ake zana layi da farar ƙasa, ana jan ɗan zane ne idan alƙalai sun amince. Sabon shiga yana iya farawa da kamar ƙafa 20, daga nan a riƙa gyarawa. Idan mai kawowa yana cim masa da wuri har yana neman hawa bayansa, sai a ƙara nisan alamar. Idan kuma mai karɓa yana tsere masa, sai a rage. Wannan awo ba ya yin amfani sai an yi shi da cikakken gudu, kuma da ainihin mutumin da zai miƙo maka ranar gasa, domin kowane mutum biyu da nasu lissafin.

Da zarar mai kawowa ya taka alama, ka juya ka zura da gudu da iyakar ƙarfinka, kada ka sake waiwayawa. Wannan shi ne abin da ya fi wuya ga sabon shiga, domin zuciya takan raya masa cewa ya ɗan dakata ya tabbatar ɗan'uwansa yana tafe. Wanda ya waiwaya ya rage gudu, kafaɗarsa ta karkata, hannunsa kuma ya kauce daga inda ake tsammaninsa. Aikinka shi ne ka ci gaba da kaɗa hannu biyu har sai ka ji kiran da kuka shirya, wanda ya kamata ya zama gajeriyar kalma da ba za ta ɓace cikin kiran sauran ƙungiyoyi ba. In ka ji, ka miƙa hannu baya, ka buɗe tafi, ka ware babban yatsa, ka riƙe hannun cik ba tare da lalube ba. Nauyin sa sanda a hannu yana kan mai kawowa ne, tunda shi ne yake gani. Shi kuma kada ya saki sai ya ji an fizga, kada kuma ya fara rage gudu don ya hango abokinsa.

Akwai masu miƙawa daga ƙasa zuwa sama, wato salon da aka san 'yan Japan da shi, akwai masu saukar da sanda daga sama a kan buɗaɗɗen tafi, akwai kuma masu tura ta kai tsaye. A ganina zaɓin salo bai kai muhimmancin da ake ba shi ba. Abin da ake so shi ne ku huɗun ku tsaya a kan ɗaya, ku maimaita shi kuna tsaye, sannan kuna sassarfa, sannan da gudu.

Gudun mita 400 sau huɗu ya sha bamban. A nan yankin miƙawa mita 20 ne, mai kawowa yana isowa a galabaice, saboda haka mai karɓa yana kallonsa, yana daidaita gudunsa da nasa, kuma shi ne yake karɓe sandar da kansa, yawanci da hannun hagu, sannan ya mayar da ita dama. Na farko yana gama zagayensa a layinsa. Na biyu yana zama a nasa layin har ya gama kwanar farko, daga nan ya gangaro ciki. Na uku da na huɗu alƙali ne yake jera su bisa matsayin da abokansu suke a lokacin da suka shiga kwanar ƙarshe, kuma wanda ya sauya wurin tsayuwarsa bayan haka yana iya jawo wa ƙungiyarsa kora. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙone ƙarfi duka a mita 200 na farko. Nijeriya tana da tarihi a wannan tsere: a gasar Olympics ta Sydney a 2000, Enefiok Udo-Obong ya karɓi sanda a zagayen ƙarshe, ya wuce waɗanda ke gabansa har ya kawo ƙasar matsayi na biyu, daga baya kuma aka mayar da azurfar zinare bayan an soke sakamakon Amurka saboda shan ƙwayoyin ƙara kuzari.

Ranar gasa ka isa da wuri, ka ɗumama jiki da sassarfa da 'yan gajerun gudu, ka sha ruwa kaɗan-kaɗan musamman in ana zafi ko hunturu, ka kuma goge gumin tafinka kafin a kira ku. Idan sanda ta faɗi, tseren bai ƙare ba, amma wanda ta faɗi daga hannunsa shi ne zai ɗauke ta. An yarda ya fita daga layinsa don ɗaukowa matuƙar bai tare wa kowa hanya ba, bai kuma rage tazarar da zai gudu ba. Bayan ka miƙa, kada ka yi saurin ficewa gefe don murna ko gajiya. Ka ci gaba da zama a cikin layinka har sai sauran 'yan gudu sun wuce, domin shiga gaban wani a wannan lokaci ya isa a kori ƙungiyarku ko da ita ce ta zo ta ɗaya.