Yadda Za Ka Kai Iyali Duwatsun Kudu Da Karafan, Daga Jidda Zuwa Abha

Shekara 19 ke nan ina riƙe da sitiyari a Jidda. Na tuƙa motar gida, na tuƙa bas ɗin ma'aikata, na yi jigilar alhazai tsakanin Makka da Madina ba adadi. Amma ban taɓa jin ƙaurin birkina ba sai ranar da na sauko gangaren Baha da karafan, Hajiyarmu tana bayana tana jan carbi, yara uku sun yi tsit kamar ruwa ya cinye su. To abin da zan faɗa a nan, wani a banza na same shi, wani kuwa sai da gumi ya karyo mini.

Karafan ita ce motar nan mai ɗaki a jikinta: gadaje, ɗan madafi, firiji, banɗaki. Akwai wadda ake ɗaurawa a bayan jif a ja, akwai mai injinta. In wannan ne karonka na farko, ɗauki mai injin. Yin ribas da abin ja a bakin dutse sana'a ce daban. Mu haya muka ɗauka ta kwana 8, mu shida: ni, uwargida, Hajiya da yaran.

Ranar karɓar mota kada ka yi gaggawa, ka ware mata awa biyu. Abu na farko da za ka ƙirga shi ne bel ɗin kujera. Mai haya zai ce maka tana kwanar da mutum shida, gaskiyarsa, amma ƙila bel huɗu ne a ciki, kuma ba a tafiya da yaro yana kwance a gadon baya komai kukansa. Kyamarorin Sahir na kan titi ma suna kama bel da waya kamar yadda suke kama gudu. Sai ka duba nauyin da ke rubuce a istimara, wato takardar rajistar mota, domin lasisin tuƙi na gida iyakarsa tan 3.5. Ka tabbata an yi maka tafwid, wato izinin tuƙa motar, da sunanka ya fito a Abshir ɗinka, manhajar hidimomin gwamnati, ka karanta abin da inshorar ta ɗauka da wanda ta bar maka, ka tambayi kilomita nawa aka ba ka a rana da kuɗin abin da ya haura. Daga nan ka kunna komai a gabansa: famfo, murhu, firiji, iyakwandishan, fitilu. Ka sa shi ya ciro tankin banɗaki da hannunsa ya mayar, kai ma ka yi sau ɗaya yana kallo. Ka zagaye motar da wayarka kana ɗaukar bidiyo, har rufinta in ka samu tsani. Ni ƙarshen abin da na yi, na tambayi tsayin motar, na rubuta a takarda na manna kusa da sitiyari. Mutumin da ya saba da ƙaramar mota yakan manta akwai ɗaki a kansa, sai ya ji ƙarar rumfar fakin ɗin masallaci.

Hanyar da na fi so ita ce ta saman dutse: Jidda, Ɗa'ifa, Baha, Namas da Tanuma, sannan Abha. Jidda zuwa Ɗa'ifa kimanin kilomita 170 ne, Ɗa'ifa zuwa Baha kamar 220, Baha zuwa Abha 300 da 'yan kai. A taswira abin kamar wasa, wani ma zai ce ai a yini ɗaya za a shanye. Kada ka biye masa. Awar da waya ta ba ka ta ƙaramar mota ce, ka ƙara rabinta a kai, ka ƙara salla, ka ƙara fitsarin yara. Dokar da na kafa wa kaina ita ce kada mu wuce kilomita 250 a rana, kuma kafin La'asar mun tsaya inda za mu kwana. Dalili shi ne hazo, wanda mutanen can ke kira dabab. Da rana ta yi sanyi sai ya taso daga kwarin Tihama ya rufe titi, har fitilar motar gabanka sai ka neme ta ka rasa. A Yuli da Agusta, lokacin da kowa ke gudun zafin Jidda ya hau can, da yamman ne kuma ruwa ke saukowa, wani sa'in da ƙanƙara.

Hawa Ɗa'ifa hanya biyu ce. Ta Hada ta fi kyau da ban sha'awa, amma murɗe take kamar igiyar guga, kuma ana rufe ta in ruwa ko hazo ya yi yawa. Ta Sailul Kabir ta fi tsawo, hawanta kuma a hankali ne. Da karafan, ranar farko da hannunka bai saba ba, bi ta Sail. In kuma tafiyar ta zo dab da aikin Hajji, ka tuna ana hana mai iƙama, wato baƙo mazaunin ƙasar, shiga Makka ba tasrihi, takardar izini ke nan, sai ka zaɓi hanyar da ta kewaye gari tun daga gida.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutun nan, wato aƙaba, titin gangaren dutse. Garuruwan nan duk a kan tudu suke: Ɗa'ifa ta kusa mita 1,900 daga teku, Abha ta haura 2,200, Suda kuwa tana wajen 3,000. Amma wasu wuraren da kowa ke son gani a ƙasa suke, a gindin dutsen. Ƙauyen Zi Ain, mai gidajen dutse da aka ɗora a kan farin pa, da idon ruwa da ayaba a ƙarƙashinsa, yana hanyar Mikhwa, sai ka sauka daga Baha. Rijal Alma'a, mai dogayen benayen dutse, sai ka sauka daga ɓangaren Abha. Titin da ke saukar da kai shi ne aƙaba, kwana a kan kwana, rami bayan rami.

Ni girman kai ne ya ja ni. Na ce wa uwargida wace irin hanya ce ban gani ba. Muka nufi Zi Ain da tankin ruwa cike, kaya cike, ƙafata a kan birki tun daga sama. Ba mu kai rabi ba na ji birkin ya yi laushi, ƙauri ya cika motar. Allah ya taimake ni da wani fili a gefen titi, na samu na tsaya da ƙyar. Da na fito, tayar gaba hayaƙi take yi. Hajiya ta leƙo ta taga ta ce, "Kai ɗan nan, in ka gaji da mu ai sai ka faɗa." Babbana ya ɗauko jarka zai watsa wa tayar ruwa, na riƙe hannunsa, don ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi lanƙwasa shi yake yi. Minti 40 muka yi a wurin muna kallon duwatsu ba don muna so ba.

Yadda ake yi shi ne tun kafin gangara ta fara ka mayar da giya ta biyu, in motar otomatik ce ka sa ta a L ko ka sauko da giyar da hannu. Injin zai yi ta ruri, ƙyale shi, aikinsa yake yi, shi ke riƙe motar. Birki kuwa ka taka sosai ka saki, ka ba shi iska, kada ka ɗora ƙafa kana jan sa. In motoci sun taru a bayanka suna hon, samu wuri ka ba su hanya. Ka rage ruwan tanki kafin sauka, kowace lita kilo guda ce a kan birkinka. Abin da ya fi duka sauƙi shi muka yi a Abha bayan mun sha wuya: muka bar karafan a sama, muka ɗauki ƙaramar mota ta yini ɗaya zuwa Rijal Alma'a. A can ne uwargida ta tsaya ta daɗe gaban zanen bangon da matan Asir ke yi a ɗakunansu, wanda ake kira ƙaɗɗul Asiri, UNESCO ta sa shi a kundinta a 2017. Ta ce launukan sun tuna mata da jeren kwanukan ɗakin kakarta.

Bayan birki sai ruwa. Tankinmu lita 100 ne, na ɗauka zai yi kwana uku. Washegari da Azahar famfo ya fara tari. Lissafin da ban yi ba shi ne alwala: mutum shida, sau biyar, kowa ya buɗe famfo kamar a gida. Maganinsa buta. Ka sayi biyu, alwala da tsarki duk da su, wanke-wanke a roba, wanka kuwa bokiti ɗaya ga babba. Ruwan sha daban a katan. In za ka cika tanki a mahaɗɗa, wato gidan mai, ko wajen masu wayit, wato tankar ruwa, ka tafi da tiyo naka. Tunda matafiya ne ku, ƙasaru da haɗa salla a manyan masallatan kan hanya suna rage wa tankin aiki ƙwarai.

Tankin banɗaki kuwa aikin maigida ne, kada ka tsaya neman wanda za ka tura. Duk kwana biyu ka juye shi a masai na mahaɗɗa bayan ka nemi izini, da safar hannu da maganin da mai haya zai ba ka. Kada ka zubar a daji ko a bakin titi.

Wurin kwana, ka nemi muntaza, wato wurin shaƙatawa, inda wasu iyalai suka sauka. A Baha mun kwana kusa da dajin Ragdan, cikin itatuwan ar'ar, a Tanuma kuma a wani fili da ke kallon duwatsu. Ka tambayi masu gadin wurin ko an yarda a kwana, don wasu wuraren rufewa ake yi da dare, wajen Suda ma ana ta gine-gine, kada ka dogara da bidiyon shekarun baya. Duk kyan inuwar wadi, wato kwarin da ruwa ke bi, kada ka kafa a cikinsa. Ruwa yana iya sauka a dutsen da ba ka gani, sama a kanka tas, sai dai ka ji rugugi. Ka duba manhajar Anwa ta hukumar yanayi kowace safiya. Ka daidaita motar da katako a ƙarƙashin taya, in ba haka ba firiji ba zai yi sanyi yadda ya kamata ba, kai ma ka kwana kana gangarowa kan bango.

Dare a can da sanyi ko da a tsakiyar bazara, ga yaran Jidda da ba su san rigar sanyi ba. Ka ɗauki barguna da safa. Kada ka kuskura ka shigar da kaskon gawayi cikin motar don jin ɗumi, iskarsa tana kashewa ba wari ba hayaƙi. Gashi a waje, da gawayin buhu na kanti, a inda aka ware. Saran itace ko tsintar na daji laifi ne mai tara. In kana da mai sikila a gida, ka ga likitansa kafin ku tashi, domin tsayi da sanyi da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar da ciwon. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ma haka. Hajiya a Abha in ta taka kaɗan sai ta tsaya haki, sai muka riƙa ajiye mata kujera a inda ake ganin kwari, mu mu zagaya mu dawo.

Abinci ba ya buƙatar dogon tsari, baƙala, wato kantin kayan masarufi, tana ko'ina. Daga gida uwargida ta ɗauko yaji, kuka, daddawa, garin kunu da soyayyen nama. Sauran a hanya: burodin tamis da waken ful da safe, 'ya'yan itacen barshumi da inabi a bakin titin Ɗa'ifa, zumar magarya a Baha, gasasshen naman hanis a Abha, in kun dace da Talata kuma ku leƙa Kasuwar Talata. Sai dai kafin mota ta motsa a bi kowace durowa a kulle. A kwanar farko bayan Ɗa'ifa robar garin kunu ta faɗo ta buɗe, har muka mayar da motar ana ganin fari a lungun kujera.

Birai kuwa, ka ja wa yara kunne tun a gida. Garke-garke suke a Hada da Baha da Abha, kuma sun san leda sarai. Autarmu ta fito da tamis a hannu tana yi musu dariya, wani ƙato mai furfura a kafaɗa ya taho a tsanake ya fizge, ya zauna a kan dutse yana ci yana kallonta. Kada a ba su abinci, kada a bar ƙofa ko tagar rufi a buɗe.

Ka sha mai duk inda allura ta kai rabi, kuma ka san dizal motar ke sha ko fetur kafin yaron mahaɗɗa ya ɗaga tiyo. Ka sauke taswira a waya don sabis na ɗaukewa a cikin duwatsu. Lambar 911 tana aiki a yankin Makka, har Jidda da Ɗa'ifa. Ka kuma ajiye 997 ta motar asibiti, 998 ta difa'ul madani, wato 'yan kwana-kwana, 996 ta jami'an manyan hanyoyi, ka rubuta su a takarda uwargida ma ta riƙe.

Dawowa, akwai hanyar gaɓar teku ta Ƙunfuza da Lis, miƙaƙƙiya ce amma sai ka sauka aƙaba tukuna, ga zafi. Mu ta saman muka koma, muka raba ta kwana biyu, duk da hakan ya karya dokata ta kilomita 250. Hajiya ce ta ce tunda ta Sailul Kabir za mu sauko, ga miƙati a kan hanya, ba za ta wuce shi haka nan ba. In kai ma kana da wannan niyya, ka nemi izinin Umara a manhajar Nusuk, ka sa haramin a jakar da ke kusa, ka kuma ƙara kwana ɗaya a hayar tun farko. Karafan ba ta da wurin tsayawa kusa da Harami, a babban fakin na bakin gari muka bar ta muka shiga tasi. Ni ban ƙara kwanan ba, sai da na biya kuɗin latti, da na wankin garin kunu.