Yadda zaka yi sallama da mutanen gari idan aikin sa-kai ya ƙare a Sudan

Wannan na 'yan uwa ne da suka zo daga Najeriya ko Nijar aikin sa-kai, ko koyarwa a halwa, wato makarantar allo, ko taimako a asibitin unguwa, ko girki a takiyyar da ake ciyar da 'yan gudun hijira. Ko a Gadarif ka zauna ko Kassala ko Mai Wurno, tafiyarka ba ta kai kaɗai bace, akwai mutanen da ta shafa, dan haka sai an shirya mata.

Ka fara faɗa da wuri, kamar saura wata guda. Kuma da tsari ake faɗa, mai gidan da ya sauke ka shi zai fara ji daga bakinka, sai limami da shehin unguwa, sannan abokan aiki. Wallahi babu abin da ke ɓata wa dattijo rai irin ya ji labarin tafiyar baƙonsa a bakin mai shayi. Idan a damina ne ka ƙara kwanaki, baƙar ƙasar Gadarif in ta sha ruwa mota bata shiga ƙauye, ka iya sa ranar Talata ka wayi gari Juma'a kana nan.

Sai aikin kansa, kuma anan ne nake so ka fi daɗewa. Tun kana nan ka zaɓi wanda zai riƙe, ɗan gari, ba wani baƙon ba, ka koma gefe kana kallo yana yi, in ya yi kuskure ku gyara tare yanzu da kake kusa. Littafin sunayen yara, makullin sito, lissafin abin da ya rage na hatsi ko magani, lambar wanda ke turo kuɗi ta Bankak (manhajar banki ta waya), duk ka miƙa su a gaban mutum biyu ko uku, a rubuce, saboda kar bayanka a zo ana zargin bawan Allah da abin da bai ci ba. Naga ajin da ya watse sati biyu bayan tafiyar malami dan kawai komai a kansa yake, shi ke da makulli shi ke da alli, yaran suka koma yawo.

Bashi kuma ka biya shi kaf. Mai kanti yana da littafi, mai raksha (keke napep), mai kawo ruwa a jaki, matar da ke maka kisra, gurasar dawa ta can. Da yawansu zasu rantse ba zasu karɓa ba, to ka sayi sukari da ganyen shayi ko buni ('ya'yan gahawa) ka aika gidan.

Kwanakin ƙarshe na yawon gida-gida ne, kar ka ce zaka tara kowa wuri ɗaya ka gama. Ka shiga ka zauna a angarib (gadon igiya), ka sha jabana (gahawarsu) ko da na biyar kenan a ranar, ka gaida Hajja, kace Inna zan koma gida, abin da na yi muku na sani da wanda ban sani ba ku yafe min. Larabawan unguwa ka ce musu al-afu wal-afiya, kalmarsu ta neman yafiya. Mara lafiya da gidan da aka yi rasuwa su ne farko. 'Yar uwa ke kuma ki bar yini guda na mata kawai, za'a miki lalle, kar ki ƙi. In sun ce zasu yi yanka ko a gasa agashe ka bari su yi, amma ka duba halin da ake ciki, ka sa hannu a ɓoye ta wajen mai gidanka.

Za'a tuna maka cewa kakanninsu ma daga can suka taso, wasu a hanyar hajji suka tsaya, wasu sun biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. Wani tsoho zai ce ka gaida masa Sakkwato ko Haɗeja da bai taɓa gani ba, wani ya baka sunan zuri'a ka nemo masa. Ka rubuta, in zaka iya ka nema da gaske.

Amma alƙawari kaya ne, dan Allah kar ka ɗauki wanda ya fi ƙarfinka. Saurayi zai ce ka samo masa biza ko gurbin karatu, uwa zata ce ka tafi da yaronta, kuma tunda yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 roƙon nan na gaske ne, mutane sun rasa gidajensu a Khartum da Madani. Kunya zata sa ka ce insha Allah alhali ka san babu hanya, shi kuma ya zauna yana jiran wayarka shekara guda. Gara kace bazan iya ba, ga abin da zan iya.

Kayanka ka raba su a natse, katifa, fitila mai sola, littattafai, ka ba mai gida ya taya ka rabo ya fi ka sanin wa ke da buƙata. Hoton yara da mata kar ka sa a Facebook sai da izini.

Lambobi ka rubuta a takarda ban da waya, ka karɓi na mutum fiye da ɗaya dan netwok na ɗaukewa kwana da kwanaki. Da ka sauka ka turo saƙon murya a WhatsApp cewa ka iso lafiya, da sallah ka kira, in ka ji rasuwa ka kira ranar kayi ta'aziyya, sannan duk ƙarshen wata ka tambayi wanda ka bar wa aikin me ya ƙare a sito.