Yadda ake buga golf a fili mai bishiyoyi, kamar na Achimota

Filin golf na Achimota a Accra, wanda aka kafa a 1934, da Royal Golf Club na Kumasi, inda ake gasar Asantehene, sarkin Asante, duk filaye ne masu ramuka 18 da bishiyoyi suka yi wa ƙawanya. Akwai inuwa da kyan gani. Sai dai bishiyoyin nan su ne ke cinye makin mutane, tunda a golf mai ƙarancin bugu ne ke cin wasa, musamman wanda ya saba da filin atisaye inda ake dukan ƙwallo ba a damu da inda ta faɗa ba. A irin wannan fili, wanda ya riƙe ƙwallonsa a tsakiya, ya kuma san yadda ake fita daga ƙarƙashin bishiya da bugu ɗaya, shi ke cin wanda ya fi shi ƙarfin hannu.

In ba mamba ba ne kai, ka kira ofishin kulob tun kafin ranar a ba ka lokaci, ka tambayi kuɗin shiga da na kadi, wato mai ɗaukar jaka. Riga mai kwala ake sawa. Doka ta ƙayyade sanduna 14 a jaka. Ka zuba ƙwallo shida zuwa takwas, tawul, hula da ruwa aƙalla lita biyu, domin zagaye ɗaya tafiyar ƙafa ce ta kusan kilomita takwas, awa huɗu ko fiye. Wanda ya fito daga unguwar Nima ko Madina ya fara da ƙarfe shida da rabi na safe zai gama kafin azahar. Wanda ya fara bayan ƙarfe biyu na rana, da wuya ya kai rami na 18 kafin magariba, tunda wajen ƙarfe shida rana ke faɗuwa duk shekara.

A dandamalin farawa ake shuka yawancin wahalar. Direba ita ce sanda mafi tsawo, kuma fuskarta ta fi kowacce miƙewa in ban da fota, sandar tura ƙwallo cikin rami, kusan digiri 9 zuwa 12, shi ya sa kuskure kaɗan a fuskar sanda ke zama babbar karkata a sama. Kafin ka zaro ta, ka tambayi kadi inda feyawe, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar tsakiya, ta fi faɗi, da yadi nawa ne zuwa wurin. In faɗin yana yadi 180, ka ɗauki sandar da ke kai ka 180, ko da abokan wasa za su yi maka dariya. Lissafin a bayyane yake. Rami mai par 4, wato wanda ake sa ran gwani ya gama da bugu huɗu, da tsawonsa ya kai yadi 380, ana isa girin, gajeriyar ciyawar da ke kewaye da rami, da bugu uku masu sauƙi, 180 da 130 da 70, a tura sau biyu, a tashi da 5. Wanda ya ɗara par da bugu ɗaya haka a kowane rami na filin da jimillar par ɗinsa 72 zai tashi da 90, makin da mutane da yawa ke shekaru suna nema da direba a hannu.

Wurin kafa ƙwallo ma yana da amfani. Ka tsaya a ɓangaren da haɗarin yake, ka auna ɗaya ɓangaren. Mai bugu da hannun dama wanda ƙwallonsa ke lanƙwasawa dama ya kafa a gefen dama na dandamali, ya auna gefen hagu na feyawe, sai faɗin filin duka ya zama nasa.

Duk da haka ƙwallo za ta shiga bishiyoyi. Da zarar ka ga ta nufi duhuwa ko wajen fararen turaku, waɗanda ke nuna iyakar fili, ka faɗa wa abokan wasa da baki cewa za ka buga wata ƙwallo ta wucin-gadi, sannan ka buga. In ba ka faɗa ba, ta biyun ta zama ƙwallon wasa, da tarar bugu ɗaya. Tun 2019 minti uku kacal ake ba mai nema. In lokacin ya cika ba a gan ta ba, kuma ba ka buga ta wucin-gadi ba, sai ka taka da ƙafa ka koma inda ka buga, na bayanka suna kallonka.

In an same ta, ka durƙusa a bayanta ka duba daga inda take, domin tsayuwa tana ɓoye rassan da ke ƙasa-ƙasa. Abu uku za ka auna: faɗin ƙofar da ke tsakanin kututture da kututture, tsayin reshe mafi kusa da ƙasa, da ko sanda za ta samu wurin ɗagawa a bayanka. Ƙofar da ba za ka iya ratsa ta sau takwas cikin goma ba, ka rabu da ita. Ka fita ta gefe, ko ma ta baya. Ƙwallon da ta daki kututturen darbejiya ko maɗaci ba a san inda za ta nufa ba, wani lokaci kan mai ita take dawowa, kuma daga nan ne 5 ke zama 8.

Bugun fita ƙasa-ƙasa ake yin sa. Ka ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 5, 6 ko 7. Domin sanin ko za ta wuce ƙarƙashin reshe, ka ajiye sandar a ƙasa can gefe, ka taka fuskarta da takalmi har ta kwanta. Yadda marikin ya tashi, kusan haka ƙwallo za ta tashi. Ka sauko da riƙo kamar inci ɗaya, ka mayar da ƙwallo kusa da ƙafar baya, hannaye su riga kan sanda, nauyin jiki ya fi yawa a ƙafar gaba. Ɗaga sanda zuwa ƙugu ko ƙirji ya isa, kuma ka tsayar da ita ƙasa bayan bugu. Inda aka fi ɓatawa shi ne ƙarfi: duka mai ƙarfi yana ƙara wa ƙwallo juyi, juyi kuma sama yake ɗaga ta, kai tsaye cikin ganyen da ake gudu. Kuskure na biyu shi ne fita da yawa, ƙwallo ta tsallake feyawe ta faɗa bishiyoyin ɗaya gefen, don haka ka zaɓi takamaiman wurin da za ta sauka.

Busassun ganye da ƙirare da suka faɗo za ka iya kawar da su, muddin ƙwallo ba ta motsa ba. Karya reshe mai rai ko lanƙwasa shi don buɗe hanya kuwa tarar bugu biyu ce, ko da kadi ne ya yi maka. Idan ƙwallo ta maƙale tsakanin saiwoyi, kada ka saida wuyan hannunka: ka ɗauki tarar bugu ɗaya, ka sake ta daga tsayin gwiwa cikin tsawon sanda biyu, ba tare da matsowa kusa da rami ba. Maciji mai dafi ko ƙudan zuma kusa da ƙwallo, wannan kyauta ake matsawa.

Fili ɗaya ne, amma wasa biyu ake yi a kansa. Da damina, musamman daga Afrilu zuwa Yuni, da kuma wajen Satumba da Oktoba, ƙasa tana laushi, ƙwallo tana tsayawa inda ta sauka, sai a ɗauki sanda ta gaba, wadda ta ɗan fi kai nisa. Laka a gefen dama na ƙwallo yakan kai ta hagu. Ruwan da ya kwanta a feyawe da ƙwallon da ta nutse a sawunta duk kyauta ake matsar da ƙwallo, ba tara. Da ka ji tsawa ka bar fili. Gindin bishiya shi ne wuri mafi haɗari. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, duk inda ban ruwa bai kai ba yana taurara kamar daɓe. Ƙwallo tana gudu sosai, har wadda aka buga daidai takan gangara cikin bishiyoyi. A nan wejin yashi, sandar fitar da ƙwallo daga yashi, yana cin amana, domin gindinsa mai kauri yana tsalle a kan ƙasa mai tauri ya daki cikin ƙwallo, ta wuce girin da gudu. Ƙarfe mai lamba 8 ya fi: a sauke ta yadi goma kafin girin, ta gangara.

A kan girin, ciyawar ƙasashe masu zafi tana kwantawa gefe ɗaya. In ka hango ta tana sheƙi, da kai take tafiya, ƙwallo za ta yi sauri. In ta yi duhu, gaba take da kai, sai ka ƙara ƙarfi. Ka leƙa bakin ramin: gefen da ya yi kaca-kaca ya bushe, can ciyawar ta nufa, kuma can ƙwallo za ta zame in ta rage gudu. Girin da bishiyoyi suka lulluɓe yana riƙe raɓa har hantsi, ya fi na sarari nauyi. Kadin da ya daɗe a filin ya san duk wannan, amma ka faɗa masa nisan kowace sandarka na gaskiya tun a rami na farko. Idan ƙarfenka mai lamba 7 yadi 135 yake kai wa, ka ce 135, domin a kan wannan adadin zai riƙa miƙo maka sanda.