Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da Turanci zuwa Latin don zanen tatu

A Turai da Amurka mutane na son a rubuta musu 'yan kalmomin Latin a fata, saboda harshen tsohuwar daular Rum ne, yana da kwarjini. Matsalar ita ce, da yawa sukan ɗauki jimlar Turanci su jefa wa manhajar fassara, su kai wa mai zane abin da ta ba su. Google Translate ya fara karɓar Latin a 2010, amma gajeriyar jimla ba ta gaya wa manhaja wa ke magana, ko da wa ake yi. Kuma tatu, wato zanen da ake yi da allura da tawada a cikin fata, ba kamar ƙunshin lalle ba ne da zai goge da kansa. Cire shi sai da hasken laser, zuwa bayan zuwa, ga tsada ga zafi.

Babban kuskure shi ne ɗauko kalmomi ɗaya-ɗaya daga ƙamus a jera su. Latin yana sauya ƙarshen kalma gwargwadon aikinta a jimla. Wanda ya yi nahawun Larabci ya san wannan: fa'ili da maf'uli ba su ƙarewa iri ɗaya. "Rayuwa" ita ce vita, amma a "ina son rayuwa" sai ta koma vitam: vitam amo. In ka rubuta vita amo, ka yi ɓari. Haka kalmar love ta Ingilishi: suna ce ko aiki? In suna ce, amor. In umarni ne, ama. Kalmar Latin amo da ƙamus ke kawowa da farko, ma'anarta "ina so".

Sai jinsi, inda mai jin Hausa ya fi Bature saurin ganewa, tunda mu ma muna bambanta "ka" da "ki", "fari" da "fara". Namijin da ke son a rubuta "ba a rinjaye ni ba" zai sa invictus, mace kuwa invicta. Mai 'yanci liber ne, mace libera. Sanannen zancen nan nosce te ipsum, "san kanka", in mace ake nufi te ipsam ne. Abin yana damuna ƙwarai in na ga mace ta ɗauki siffar namiji a wuyan hannunta har ƙarshen rayuwa, alhali harafi ɗaya ne ya raba.

Umarni ma yana da tarko. Ba a cewa non time don "kada ka ji tsoro". Daidai shi ne noli timere ga mutum ɗaya, nolite timere ga jama'a.

Akwai masu aron taken wani ba tare da duba waye mai aikin ba. Taken jihar Oregon ta Amurka, alis volat propriis, yana nufin "tana tashi da fikafikanta". In kai kake magana da bakinka, volat zai koma volo. Amma volo kuma yana nufin "ina so, ina nufi", don haka sai wanda ya san harshen ya duba ko jimlar za ta rikita mai karatu.

Wasu kalmomin kuma sun yi kama da na Ingilishi amma nauyinsu daban. Familia a Rum duk mutanen da ke ƙarƙashin maigida ne, har da bayi. "Ƙarfi" yana da kalmomi da dama: vis ƙarfin tuwo ne da kan kai ga danniya, fortitudo jarumta ce da dauriya, virtus kuwa mazantaka ce, daga vir, wato namiji, ta samo asali. Shi ya sa nake ganin gyara na farko shi ne ka rubuta manufarka da cikakkiyar jimla: wa ke faɗa, ga wa, mutum nawa, namiji ko mace.

A kula da Latin na bogi. Illegitimi non carborundum, da ake cewa wai yana nufin "kada ka bari shegu su murƙushe ka", ya yaɗu tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, amma barkwanci ne, ba Latin ba. Mai son kwanciyar hankali ya ɗauki zancen da yake da asali, kamar carpe diem, wato "ci moriyar yau", na mawaƙin Rum Horace, ko veni, vidi, vici, wato "na zo, na gani, na ci nasara", da aka danganta wa jagoran Rum Julius Caesar bayan nasararsa a yaƙin Zela a shekara ta 47 kafin haihuwar Annabi Isa.

Rubutun kansa yana da ƙa'ida. Sassaƙen Rumawa, irin na ginshiƙin Sarki Trajan a birnin Rum na shekarar 113, da manyan haruffa aka yi shi, V a madadin U, I a madadin J. Zaɓi salo ɗaya ka tsaya a kai. Lambobi ma haka: 1999 ita ce MCMXCIX, ba MIM ba.

Kafin allura ta taɓa fata, kai jimlar wurin malamin Latin na jami'a ko wani limamin cocin Katolika da ya karanci harshen. Sannan ka nuna wa mutum na biyu ba tare da gaya masa manufarka ba, ka ce ya fassara maka. In abin da ya faɗa ya dace da abin da ke ranka, buga rubutun da manyan haruffa, ka duba takardar da mai zane zai manna a fata harafi-harafi kafin ya kunna inji.